Jagoran Tara Sulallan Zinaren Rumawa: Awo, Rubutu da Fuskokin Sarakuna

Wanda ya saba da kasuwar gwal ya san lissafinta: a ɗora a sikeli, a duba karat, a buga da farashin giram na ranar. Sulallan Rumawa ba sa bin wannan lissafi. Ga kwandala biyu, kowacce giram 7.3 na zinare tsantsa, ɗaya da fuskar Nero, ɗaya da fuskar Otho, amma kuɗin ta biyun ya ninka na ta farkon sau da yawa. Nero ya yi shekara 14 a kan mulki, daga 54 zuwa 68 Miladiyya, Otho kuwa wata uku kacal ya yi a shekarar 69. Kuɗinka yana tafiya ne a kan sunan sarki, da kyan bugu, da tarihin hannayen da kwandalar ta biyo. Don haka sai ka iya karanta kwandala kafin ka yi tayinta.

Mataki na farko: haddace nauyi

Zinaren Rumawa iri biyu ne manya. Na farko shi ne aureus, mai kauri, faɗinsa milimita 18 zuwa 20, wanda a zamanin Augustus ake canza shi da dinarin azurfa 25. Na biyu shi ne solidus, wanda Constantine ya fara bugawa a Trier, cikin Jamus ta yau, wajen 309 zuwa 310, ya game daular bayan 324. Ya fi aureus faɗi kaɗan, milimita 20 zuwa 21, kuma ya fi shi sirantaka.

Rumawa suna lissafin kwandala ne da yawan da za a fitar daga laba ɗaya tasu, mai kimanin giram 327. Zamanin Julius Kaisar 40 ake fitarwa, wato kowacce wajen giram 8. Na Augustus da Tiberius suna tsakanin 7.7 da 7.9. A shekarar 64 Nero ya mayar da lissafin 45, nauyi ya sauko 7.3, kuma a nan ya zauna kusan shekara 150, in ka cire na Domitian daga 82 da na Nerva waɗanda suka ɗan fi nauyi. Caracalla ya kai shi 50 a 215, wato giram 6.5. A tsakiyar ƙarni na uku, lokacin da sojoji ke naɗa sarki su kashe shi su naɗa wani, awo ya rikice, har akwai na Gallienus da ba su kai giram 4 ba. Diocletian ya daidaita shi a 60, giram 5.4. Solidus kuwa 72 ne a laba, giram 4.5 a takarda, a hannu kuma yawanci 4.40 zuwa 4.50. Yana da ƙanne biyu: semissis, rabinsa, da tremissis, sulusinsa, mai giram 1.5.

Waɗannan lambobi su ne matattararka ta farko. Aureus na Trajan mai giram 7.2 daidai ne, tunda yawo a hannu yana cin kaɗan. In ya zo da 6.6, to ko an kankare gefensa, ko an taɓa huda shi, ko ba na gaske ba ne. In ya zo da 7.9 ma abin tuhuma ne.

Akwai zumunci tsakanin wannan kuɗi da namu kalmomi. Daga denarius na Latin Larabawa suka samo dinar, kuma masana harshe suna danganta kalmarmu ta zinariya da shi. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 Hijira, mai giram 4.25, solidus na Rumawan Gabas ya zo ya maye wa gurbi a ƙasashen Musulmi.

Mataki na biyu: zaɓi layi ɗaya

Mai sayen duk abin da ya burge shi, bayan shekara biyar zai tarar da tarkace masu tsada waɗanda ba su haɗa labari ɗaya ba. Tsayar da layi tun farko.

Layin da ya fi suna shi ne Kaisarori goma sha biyu: Julius Kaisar, Augustus, Tiberius, Caligula, Claudius, Nero, Galba, Otho, Vitellius, Vespasian, Titus da Domitian. Ba na sabon shiga ba ne. Tiberius, Nero da Vespasian suna samuwa, amma Caligula da sarakuna ukun shekarar 68 zuwa 69, wato Galba, Otho da Vitellius, suna cin dubban daloli goma-goma. Shi Julius Kaisar, zinaren da aka buga da sunansa yana raye, kamar na Hirtius na shekara ta 46 kafin Miladiyya, kan wata mace mai lulluɓi ke jiki, ba fuskarsa ba. Fuskarsa a zinare ta fito ne bayan an kashe shi.

Layi na biyu shi ne sarakunan ƙarni na biyu: Nerva, Trajan, Hadrian, Antoninus Pius da Marcus Aurelius, daga 96 zuwa 180. A nan sassaƙa ta kai maƙura, kuma in ka cire Nerva da bai cika shekara biyu ba, sauran suna da yawa a kasuwa. Mai son abin da ya shafi nahiyarmu yana iya bin sulallan tafiye-tafiyen Hadrian masu rubutun AFRICA, AEGYPTOS da NILVS, ya haɗa da Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211.

Shawara ga mai farawa ita ce solidus na ƙarshen ƙarni na huɗu da na biyar: Valens, Arcadius, Honorius, Theodosius na Biyu, Leo na Ɗaya, Zeno. An buga su da yawa, an tono su da yawa. Ɓoyayyar dukiyar Hoxne kaɗai, da aka gano a Ingila a 1992, tana da solidus 569. Tazarar da ke tsakanin farashinsu da kuɗin zinaren jikinsu ba ta da faɗi kamar ta aureus, saboda haka in ka yi kuskure, asarar mai sauƙi ce.

Mataki na uku: karanta rubutun

Nan ne aikin yake, kuma nan ne daɗin yake. Rubutun Latin ne a gajarce, ba tazara tsakanin kalmomi. Harafin V shi ne U, kuma sau da yawa ana rubuta huɗu da IIII. Yawanci ana farawa daga ƙasan hagu a bi yadda hannun agogo ke tafiya, amma wasu na Tiberius, Vespasian da Titus suna bin akasin haka.

IMP shi ne imperator, jagoran yaƙi. CAES Kaisar ne, AVG kuma Augustus, wato sarki mai cikakken iko. P M shugaban addini ne, P P uban ƙasa. COS muƙamin konsul ne, babban muƙamin mulki na Rum, lambar da ke binsa tana nuna karo na nawa. TR P ikon kare talakawa ne, wanda ake sabuntawa duk shekara, shi ya sa lambarsa ta fi kowacce amfani wajen gano shekarar bugu. Marcus Aurelius mai TR P XV na shekarar 161 ne, shekarar da ya hau gado. Trajan mai COS V na tsakanin 103 da 111 ne, in ka ga COS VI an shiga 112, in ka ga PARTHICO to 116 ne ko 117. Hadrian yana ba da wahala, domin ya tsaya a COS III tun 119 har ya rasu a 138, sai dai a bi sauran rubutun da kamannin fuska. In ka ga DIVVS ko DIVA, mai fuskar ya riga ya mutu, magajinsa ne ya buga. Sulallan DIVA FAVSTINA, matar Antoninus Pius, suna daga cikin aureus mafi sauƙin samu.

Tarkon da ya fi kama sababbi shi ne suna. Sunayen da tarihi ya san wasu sarakuna da su laƙabi ne, ba sa kan kuɗi. Ba za ka taɓa ganin Caligula a rubuce ba, C CAESAR za ka gani. Caracalla yana zuwa da ANTONINVS PIVS AVG, Elagabalus ma kusan haka, Marcus Aurelius kuma M ANTONINVS. Mutum uku ke nan suna raba suna ɗaya da Antoninus Pius na asali. Titus yana ɗauke da sunan ubansa, VESPASIAN, harafin T ko TITVS a gaba ne kawai ke raba su.

A solidus tsarin ya sauya. Fuska tana cewa, misali, D N HONORIVS P F AVG: ubangidanmu Honorius, mai biyayya, mai sa'a, sarki. A baya za ka ga VICTORIA AVGGG. Asali yawan G yana nuna yawan sarakunan da ke mulki tare, amma a ƙarni na biyar rubutun ya daskare, aka ci gaba da sa uku ko ba su kai ba. A can ƙasa akwai CONOB ko COMOB. OB gajarcewar kalmar da ke nufin tataccen zinare ce, wadda aka fara sawa wajen 367 zamanin Valentinian na Ɗaya da Valens, kuma a lissafin haruffan Girka OB ɗin 72 ne. CON Kustantiniya ce, Istanbul ta yau. A na yamma ana sa garin bugu a tsakiyar fili: MD Milan, RV Ravenna, RM birnin Rum, TR Trier. Harafin Girka guda a ƙarshen rubutun baya, daga A zuwa I, lambar sashen maƙera ce cikin sassa goma na Kustantiniya.

Daga nan sai ka nemo lambar kwandalar a RIC, kundin sulallan daular mai juzu'i goma da aka fara a 1923. Shafin OCRE na ƙungiyar masana sulalla ta Amurka ya zuba abin da ke cikinsa a intanet kyauta, da hotuna daga gidajen tarihi. 'Yan kasuwa suna ƙara lambar wani kundi mai suna Calicó ga aureus. In rubutun fuska da hoton baya ba su taɓa haɗuwa a kundi ba, kada ka yi murnar ka samo abin da ba kowa ke da shi ba. Sau da yawa mai jabu ne ya haɗa hatimai biyu, wato ƙarafan buga hoto a kwandala, da ba su dace ba.

Mataki na huɗu: san fuskoki

A ƙarni biyu na farko masu sassaƙa ba sa yi wa sarki kara. Nero ya fara da fuskar saurayi siriri, ya ƙare da wuya mai kauri da haɓa biyu, kana iya jera shekarunsa da ido. Galba tsoho ne mai sanƙo da ƙugiyar hanci. Gashin Otho jere yake layi-layi kamar hular gashi, kuma an ruwaito ita yake sawa. Vitellius mai kumatu ne, Vespasian kuwa goshinsa a tamuƙe yake kamar mai ɗaga kaya. Nerva dogon hanci da dogon wuya. Hadrian ne ya shigo da cikakken gemu, magadansa suka bi, har Constantine ya dawo da aski. Caracalla a shekarunsa na ƙarshe ya haɗe gira kamar zai kai duka, kuma wannan fuskar ce ke raba shi da dattijon Antoninus Pius.

Abin da ke kan sarki ma magana ne. Rawanin ganye na mai cikakken mulki ne, kai babu komai yawanci na yarima ne. Daga Constantine ɗaurin lu'ulu'u ya karɓe. Zuwa ƙarni na biyar, a gabas, sarki yana kallonka ne da kwalkwali da mashi a kafaɗa da garkuwa, kuma Theodosius, Marcian, Leo da Zeno duk kusan fuska ɗaya ce. A nan rubutu kaɗai ne shaida.

Mataki na biyar: duba jikin kwandala

Kayan aiki kaɗan ne: sikeli mai auna ɗaya bisa ɗari na giram, ma'aunin faɗi na roba don na ƙarfe yana karce zinare, gilashin ƙara girma ninki goma, fitila guda da za ka iya karkatarwa, da ƙyalle mai laushi a kan tebur.

Fara da gefe, kada ka fara da fuska. Sulalla da yawa sun yi zaman abin wuya ko zobe. Alamar haka ita ce wuri mai sheƙi ko shatar zarto a gefe, musamman daidai saman kan sarki, ko gefen da ya matse ya yi santsi zagaye. Duba ko an toshe huda: launin wurin yakan bambanta, haruffan da ke kansa kuma an sake zana su. Sai ka karkatar da fitila a kan filin da ke gaban fuska. Layuka sirara masu tafiya gefe ɗaya shaidar goga ce. Gashi mai kaifi a kan kwandalar da kumatunta da haruffanta suka side yana nufin wani ya bi shi da abin sassaƙa a zamanin nan, kuma wannan aibi ya fi sidewar kanta rage daraja.

Wasu tabo kuwa tsofaffi ne kuma halal ne. 'Yan canjin Rum suna buga ƙananan alamu a kan aureus don gwada shi. Solidus da yawa suna da haruffan da aka karce da tsinke tun zamanin. A Indiya an tono aureus da aka sara a kan fuskar sarki. Duk suna rage farashi, amma ba sa taɓa gaskiyar kwandala. Akwai ma launin da ke ƙara kuɗi: ja-ja mai duhu na sulallan Boscoreale, kusan dubu da aka tono a 1895 kusa da Pompeii, inda aman dutsen Vesuvius ya binne su a shekarar 79.

A katalogi, F na nufin ta side sosai amma ana karantawa, VF ta side a wurare masu tudu, EF kusan komai na nan. VF mai tsabta, wadda bugunta ya zauna a tsakiya kuma sunan sarki ya fito duka, ta fi EF mai gyara.

Mataki na shida: jabu

Abin da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne, jabu mai kyau da zinare na gaske ake yin sa. Wanda zai sayar da giram 7 a kan dubban daloli ba zai yi rowar ƙarfe ba. Gwajin zinare yana kama ƙananan ɓarayi ne kawai.

Na zubi shi ne mafi sauƙin kamawa: haruffa masu kumburi marasa kaifi, ƙananan ramuka ko ƙuraje a fili, layin haɗi a gefe ko alamar an goge shi, da faɗin da ya ɗan gaza. Na gaske da guduma aka buga shi tsakanin hatimai biyu, shi ya sa a mai kyau za ka ga layuka ƙanana suna fita daga haruffa zuwa gefe, sawun gudun ƙarfe. Na biyu shi ne wanda aka sassaƙa wa sabon hatimi. Irin wannan tsohuwar sana'a ce, Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya rasu a 1830, ya yi ɗaruruwan hatimai, kuma aikinsa yana yawo har yau. Salo ne ke tona shi: ido, kunne, ƙirar haruffa, fili mai shimfiɗa kamar madubi. Na uku, mafi haɗari, shi ne wanda aka kwafo hatiminsa daga kwandala ta gaske. Yana ɗauko har tabon uwar. In ka ga kwandala biyu da karce ɗaya a wuri ɗaya, aƙalla ɗaya ƙarya ce. Don haka kafin saye, buɗe acsearch ko CoinArchives, shafukan intanet masu tara bayanan gwanjon sulalla, ka jera hotunan irinta ashirin ko talatin, ka gwada.

Gwajin ruwa yana da amfani ga mai rufin zinare a kan jan ƙarfe ko azurfa. Auna kwandala. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Rataya kwandalar da zare cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, ka raba nauyin farko da abin da sikeli ya nuna. Zinare tsantsa yana ba da 19.3, aureus mai giram 7.25 zai nuna wajen 0.38. Sai dai kuskuren 0.01 yana karkatar da amsa da kusan rabin lamba, don haka wannan gwaji yana son sikeli mai auna ɗaya bisa dubu, kuma ka kakkaɓe kumfar da ke maƙale wa zare.

Kada ka kai ta wurin mai gwal ya goga a dutse ya ɗiga asid. Gwajin daidai ne ga sarƙa da awarwaro, amma a nan gogar daƙiƙa biyu tana barin tabon da ba ya gyaruwa.

Mataki na bakwai: takardu da gwanjo

Ƙasashen da ake tono waɗannan sulalla, irin su Italiya, Girka, Turkiyya da Masar, suna da dokoki masu tsauri kan fitar da kayan tarihi. Masu tarawa suna ɗaukar 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi, a matsayin ma'auni: kwandalar da hotonta ke cikin katalogin gwanjo kafin wannan shekara ta fi kwanciyar hankali, ta fi tsada. Girman kuɗi ba ya kare kowa. Aureus na Brutus mai rubutun EID MAR, na tunawa da kisan Julius Kaisar, an sayar da shi a Landan a 2020 kan fam miliyan 3.24, daga baya aka gano tarihin mallakarsa ƙirƙira ne, hukumomin New York suka mayar da shi Girka a 2023. In dillali ya ce daga tsohon tarin wani Bature ta fito, nemi sunan gwanjon, shekara da lambar kaya, ka je ka ga hoton da idonka.

Saya daga gidajen da ke ba da lamunin gaskiyar kaya a rubuce ba tare da wa'adi ba, kamar mambobin ƙungiyar dillalan sulalla ta duniya, IAPN. Akwatin roba na NGC, kamfanin auna darajar sulalla, yana ba da daraja, da maki ɗaya zuwa biyar na bugu da na kyan jikin kwandala, amma kamfanin da kansa ya ce ba ya lamunce gaskiyar tsofaffin sulalla, kuma akwatin yana ɓoye wani sashe na gefe. Wanda ya turo maka hoto a WhatsApp ya ce an tono tulu cike da zinaren Rumawa kuma yana sauri, ka ce masa albarka.

A gwanjo, farashin da aka buga guduma a kansa ba shi ne abin biya ba. Ana ɗora la'adar gida, yawanci kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga kuɗin aike da inshora, ga cajin banki, ga kwastan. Yi lissafin daga baya. In abin da ka ware yuro 4,000 ne, aike da banki sun ci 150, la'ada kashi 22, to raba 3,850 da 1.22, ka sami 3,155. Tayinka ya tsaya a 3,100. Rubuta shi tun kafin a fara, domin zafin gwanjo yana sa mutum ya ƙara abin da bai shirya ba. Tambayi gidan tun da wuri ko suna aikawa ƙasarka da inshora, da kuma tsawon lokacin da takardar izinin fitarwa ke ɗauka, wani lokaci makonni ne.

Mataki na takwas: ajiya

Zinare ba ya tsatsa, laushinsa ne matsala. Riƙe kwandala ta gefe da hannu wankakke busasshe, a saman ƙyalle. Kada biyu su haɗu a jaka ɗaya. Sa kowacce a aljihun roba marar sinadarin PVC, ko a tire mai shimfiɗar ƙyalle da murfi, saboda ƙurar hunturu yashi ce, in ta kwanta aka share ta da yatsa sai ta bar layuka. Ba a wanke ta da omo, toka, lemon tsami ko man goge baki. In ƙasa ta maƙale, jiƙa ta a tataccen ruwa, ka ɗora a ƙyalle ta bushe da kanta. 'Yar ƙasar da ke lungun haruffa ma a bar ta.

Kowace kwandala ta sami katinta: sarki, shekara, garin bugu, nauyi, faɗi, lambar RIC, inda aka saya, rana da farashi, da hoton fuska, baya da gefe. Tsofaffin tikitocin da suka zo da ita, ko da sun yage, a haɗa su wuri ɗaya da rasit, a ajiye kwafi a wani gida daban. Musulmi mai tarawa ya riƙa tara jimillar nauyin a wannan rajista: nisabin zinare dinari 20 ne, kimanin giram 85, kuma aureus 12 na bayan gyaran Nero ko solidus 20 sun haye shi. Ko a kan nauyi za a fitar ko a kan farashin kasuwa, wannan ya danganta da niyyar ajiya ko ta ciniki, sai a kai wa malami lambobin ya yanke.